Zafin Maganaɗisu da Allurar Kemo: Yadda Ake Haɗa Su a Yaƙi Ƙari

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Gombe muke gaishe ku.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗaurawa ta jijiya. Ya san ranar da ake zuwa a ɗaura ruwan, ya kuma san kwanakin da ke biyo baya: amai, kasala, sumar kai ta zube, baki ya yi miki har tuwo ya gagara, sai ɗan kunu da cokali. Abin da ke jawo haka shi ne maganin ta jijiya yake shiga ya zaga jiki kaf, yana farautar duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa. Ta daji tana cikinsu, amma haka ma ta ɓargo da ta hanji da ta tushen suma. Kaɗan ne daga cikin maganin ke isa tsakiyar ƙarin da aka yi niyya.

To, yaya za a yi maganin ya ƙara ci a kan ƙari ba tare da an ƙara wa majinyaci yawansa ba? Ɗaya daga cikin amsoshin da masu bincike suka samo ita ce zafi.

Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ake nema a nan shi ne a ɗaga zafin ƙarin zuwa tsakanin digiri 41 da 45, a riƙe shi haka na kimanin awa guda. Ba ƙonawa ake yi ba. Ɗan wannan tazara kuwa tana aiki sosai. Jini yana ƙara gudana a wurin, hanyoyinsa su buɗe, magani ya fi samun shiga. Fatar da ta lulluɓe ƙwayar dajin tana yin laushi. Sai babban cikinsu: magunguna irin su cisplatin aikinsu lalata kundin gadon ƙwayar, wato DNA, ita kuma ƙwayar tana da sinadaran da ke bi suna gyara ɓarnar. Zafi yana gurgunta waɗannan masu gyaran. Magani ya yi ɓarna, babu mai ɗinkewa, ƙwayar ta mutu.

Akwai kuma wani rauni da ƙari ke da shi. Jijiyoyin jininsa a hargitse suke, don a gaggauce ya ƙirƙire su. Nama mai lafiya idan ya ji zafi, jini ya kan kwashe zafin ya tafi da shi. Ƙari bai iya wannan sosai ba, sai zafin ya taru masa. Tsakiyarsa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, inda kemo da gashin na'ura (wato haska wa ƙari haske mai ƙarfi don kashe ƙwayoyinsa) suka fi shan wahalar yin tasiri, nan ne zafi ya fi yi wa illa.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2018 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Holan da Beljiyam kan mata 245 masu kansar jakar ƙwai. Wasu an yi musu tiyata kawai bayan kemo. Wasu kuma, a lokacin tiyatar, an zagaya musu ruwan cisplatin mai ɗumin digiri 40 a cikin ciki na minti 90. Matsakaicin rayuwar rukunin farko ya kasance wata 33.9, na biyu kuma wata 45.7. Kusan shekara guda ke nan. Wanda ya taɓa zaman jinya ya san darajar shekara guda. Kafin nan, a 2010, tawagar Farfesa Rolf Issels na birnin Munich a Jamus ta nuna cewa haɗa zafi da kemo ya fi kemo shi kaɗai wajen hana kansar tsoka dawowa inda take.

Matsalar ita ce kai zafin daidai inda ake so. Idan ƙarin yana can cikin ƙwaƙwalwa ko tsakiyar ciki, ka ce za ka ɗumama shi daga waje, sai fata da kitse sun sha zafin kafin ya isa. Nan ne maganaɗisu ya shigo.

Akwai wani baƙin ruwa da ake zuƙa cikin sirinji. Cike yake da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, dangin tsatsa, kowace ɗaya faɗinta bai wuce nanomita 10 zuwa 20 ba. Nanomita ɗaya kuwa, sai ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki guda. Likita zai bi hoton na'ura ya tura allura har cikin ƙarin, ya zuba ruwan a wurare daban-daban. Daga nan majinyaci ya kwanta, a daidaita wurin ciwon tsakanin ɓangarori biyu na wata na'ura mai samar da ƙarfin maganaɗisu. Wannan ƙarfin ba a tsaye yake wuri ɗaya ba, yana juyawa gaba da baya kusan sau 100,000 a kowane sakan. Ƙwayoyin ƙarfen suna ta ƙoƙarin bin juyin, wahalar da suke sha wajen bi ita ce ke fita a matsayin zafi. Ƙarfin yana ratsa fata da ƙashi ba tare da ya ɗumama su sosai ba. Inda aka zuba ƙarfen, nan zafin ke tashi, daga ciki.

Tunanin ya daɗe. Tun 1957 wani likitan tiyata a Amurka mai suna Gilchrist da abokan aikinsa suka gwada shi a kan karnuka. Sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin ya kai ga mutane, ta hannun Andreas Jordan da abokansa a asibitin Charité da ke Berlin. A 2010 Turai ta ba da izinin amfani da shi, da sunan NanoTherm, a kan ƙarin ƙwaƙwalwa. A gwajinsu kan mutum 59 da muguwar kansar glioblastoma ta dawo musu, matsakaicin rayuwa bayan dawowar ya kai wata 13.4. Amma a lura da kyau: da gashin na'ura aka haɗa shi a wannan gwajin, ba da kemo ba, kuma babu rukuni na biyu da aka kwatanta su da shi kai tsaye. Kamfanin da ya ƙera shi, MagForce, ya karye a 2022.

Sashen da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda ake kan bincikensa yanzu: a sa ƙwayar ƙarfen ta zama ita ce mai ɗauke da maganin. Ana naɗe magani irin doxorubicin, jan ruwan nan da masu kansar nono suka sani, tare da ƙarfen a cikin 'yar ƙaramar jaka ta maiƙo. A zafin jiki jakar a rufe take. Da an kunna na'ura wurin ya haura digiri 40, sai ta saki kamar man shanu da aka ajiye kusa da murhu, maganin ya zube cikin ƙarin daidai lokacin da ƙwayoyinsa suka galabaita. Doxorubicin yana iya taɓa zuciya idan ya taru a jiki, shi ya sa likitoci ke ƙayyade adadin da mutum zai sha a rayuwarsa. Idan aka samu ya tsaya a ƙari kawai, ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: akasarin nasarorin wannan haɗin a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka same su. Ƙwayoyin ƙarfen ba sa bazuwa daidai wa daida, wani gefen ƙarin ya yi zafi, wani ya tsira. Idan ta jijiya aka tura su, hanta da saifa ke tare mafi yawansu. Mai ƙarfe a jiki kusa da wurin, ko da cikon haƙori ne, sai an cire tukuna, domin shi ma zai ɗau zafi. Ƙwayoyin suna zama a wurin su dagula hoton MRI, na'urar maganaɗisu da ke ɗaukar hoton cikin jiki. Kansar da ta riga ta yaɗu kuwa, ba za a bi ta da allura lungu-lungu ba. Ko jakar maiƙon nan, an gwada irinta mai suna ThermoDox a kan kansar hanta da wata hanyar zafi daban, manyan gwaje-gwaje biyu ba su ba da abin da aka sa rai ba. Don haka ko a Turai wannan bai zama maganin yau da kullum ba.

Ina roƙonku, 'yan uwa, kada wannan bayani ya zama hujja a hannun 'yan kasuwa. Awarwaron maganaɗisu da katifar zafi da ake tallatawa ba su da alaƙa da abin da muka bayyana. Sakiya kuwa a kan kumburin nono ko na wuya haɗari ce babba: tana buɗe miki, ƙwayoyin cuta su shiga, watanni su wuce ana jinyar gyambo alhali dajin yana ci gaba. Iyayenmu mata da yawa a haka suke isa asibiti, lokaci ya riga ya ƙure.

Wadda ta ji ƙullutu a nono, ko take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, ko wanda ke da kumburin da ya ƙi tafiya, a je a duba. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da sashen kula da masu kansa, kuma yana cikin asibitocin da aka fara shirin Asusun Tallafa wa Masu Kansa na gwamnatin tarayya, mai taimaka wa marasa ƙarfi da ke fama da kansar nono, ta bakin mahaifa da ta prostate, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Mutanen Bauchi kuma ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. A nemi a ɗebi ɗan naman wurin a kai ɗakin gwaji, domin da sakamakonsa ne likita zai san irin ƙarin da maganin da ya dace da shi. Wanda kuma ya riga ya fara kemo, ya daure ya kammala zagayen da aka rubuta masa, idan wahalar ta yi yawa ya faɗa wa likitansa, akwai magungunan rage amai da raɗaɗi.