Kwamfuta a Aji, Yaro Bai Iya Karatu Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Makon jiya na leƙa wata makarantar firamare a bayan gari, wadda bara aka yi bikin kai mata kwamfutoci, har da kiɗa da yanka ƙyalle. Hedimasta ya buɗe mini ɗakin. Ga su nan jere, an lulluɓe su da tsohon labule, ƙura ta yi musu rawani. Babu wuta, babu man janareto. A ajin da ke kusa, yara ne dankam a ƙasa, malama ɗaya, muryarta ta dishe. Na miƙa wa wani ɗan aji huɗu littafinsa na Hausa, ya kasa haɗa baƙi da wasali.

To, don Allah, yaron da bai iya karatu ba, me kwamfuta za ta tsinana masa?

Ba mu ne farau ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci sama da 800,000. Da aka bi sawu a 2012, sai aka tarar yaran sun iya latse-latse, amma makinsu na lissafi da na harshe yana nan inda yake. A Kenya, Uhuru Kenyatta ya yi yaƙin neman zaɓe a 2013 da alƙawarin kwamfuta ga kowane ɗan aji ɗaya. Daga baya gwamnati ta sauya shawara, ta koma maganar gina ɗakunan kwamfuta. Suwidin kuwa, da ba ta san ɗauke wuta ba, a 2023 ministar makarantunta Lotta Edholm ta ce a koma ga littafin takarda da rubutun hannu. Masu abin ke nan fa!

Na san abin da za a ce: zamani ya zo, jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Gaskiya ne, kuma na ga ɗan ƙauye hannunsa na rawa a kan linzamin kwamfuta ranar jarrabawa, abin tausayi. Amma riƙe linzami aikin mako guda ne. Karanta tambayar da ke kan allon, a fahimce ta, shi ne aikin shekaru, kuma malami ke yin sa.

Ban ce na'urar ba ta da rana ba. Inda akwai sola da malamin da ya san hannunsa, yaro zai ga yadda zuciya ke harba jini da idonsa, abin da alli ba zai iya nuna masa ba. Sai dai shi ma wannan, malamin ne ya sa ta yi amfani. Kwangilar kwamfuta tana da hoto a jarida. Horar da malami da biyan shi albashi a kan kari ba su da shi. Shi ya sa ake rububin ɗaya, ana ƙyale ɗaya.

Da hedimasta ya mayar da kwaɗo ya kulle ɗakin, sai ya rage murya ya tambaye ni, ko na san wanda zai taimaka musu da bencina.