Tsara Rubutun Fim a Kan Ƙa'ida da LibreOffice Writer

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa matasa marubuta fim a birnin Kano.

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa marubuta maza da mata, barkanmu da warhaka. Wanda ya zo da laftof ya buɗe ta, wanda bai zo da ita ba ya ɗauki biro, domin akwai lambobi da yawa a maganar yau.

Furodusa idan aka miƙa masa labari a ofishinsa, a Zoo Road ne ko a wani wuri, kafin ya karanta layi ɗaya yakan juya shafin ƙarshe ya ga lambarsa. Abin da yake son sani shi ne minti nawa fim ɗin zai ci, kwana nawa za a yi a lokeshan, nawa zai kashe. A ƙa'idar masana'antar fim, shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo. Shafi mudu ne, kamar na masu hatsi a Dawanau: idan kowa ya zo da nasa mudun, ciniki ba zai yiwu ba. Wani ya rubuta da manyan haruffa ya cika shafi 150, wani ya matse da ƙanana ya kawo 60, alhali tsawon labarin ɗaya ne. Mataimakin darakta kuma yana raba kowane shafi gida 8 ne lokacin da yake lissafin aikin yini, ya ce wannan fitowar kashi 3 cikin 8 ce, waccan shafi ɗaya da kashi 2. Idan shafin bai zauna a kan ma'auni ba, duk lissafinsa ya rushe tun kafin a kunna kyamara.

Manhajar da manyan kamfanonin Amurka suka fi amfani da ita ita ce Final Draft, kuma da dala ake sayenta. LibreOffice kyauta ce, gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita tun da ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Za ta fitar maka da shafin da ba a bambance shi da na waccan, muddin ka zauna ka saita ta sau ɗaya.

Mu fara da harafi. Courier ne, girma 12, ba wani zaɓi. An ƙirƙire shi ne don tafiretan IBM a shekarun 1950, kuma sirrinsa shi ne kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan'uwansa: i da m wuri ɗaya suke ci. Haruffa 10 a kowane inci, layi 6 a kowane inci na tsaye. Akwai Courier Prime da ake saukewa kyauta, akwai Courier New da ke zuwa da Windows, akwai Liberation Mono da ke zuwa da LibreOffice kanta, faɗinsa ɗaya da Courier New. Amma mu masu rubuta Hausa muna da gwajin da Bature ba ya buƙata. Kafin ka amince da kowane harafi, rubuta ƙ, ɗ, ɓ da manyansu Ƙ, Ɗ, Ɓ, ka ƙara girman allo ka duba da kyau. Idan harafin da ka zaɓa ba shi da su, manhajar ba za ta gaya maka ba, sai ta aro daga wani harafin ta cusa. Za ka ga ƙ ɗin ta fi sauran kauri ko ta karkace, layin ya ɗan zarce. Wanda ya ci wannan gwajin a kwamfutarka, shi za ka riƙe.

Yanzu takarda. Ku shiga Tools, Options, LibreOffice Writer, General, ku mayar da ma'auni zuwa inci, saboda duk lambobin ƙa'idar da inci aka tsara su. An gina ƙa'idar a kan takardar Amurka mai faɗin inci 8.5 da tsawon 11: gefen hagu inci 1.5 saboda wurin huda da ɗauri, dama 1, sama 1, ƙasa 1. Abin da ya rage na rubutu faɗin inci 6 ne da tsawon 9, wato haruffa 60 a layi, layi 54 a shafi. To amma a Kano, duk shagon buga takarda da ka shiga A4 zai sa maka, ita kuwa faɗinta inci 8.27 ne, tsawonta 11.69. Ta fi siranta, ta fi tsawo. Idan ka bar gefuna yadda suke, kowane shafi zai ɗauki ƙarin layi 4, kuma a labari mai shafi 100 hakan ya ɓoye kusan minti 7. Maganinsa: a Page Style ka zaɓi A4, hagu 1.5, dama 0.77, ƙasa 1.69. Filin rubutu ya koma 6 da 9 cif.

Ga inda nake so ku ba ni hankalinku duka. Kada wanda ya tura sunan jarumi tsakiyar shafi da danna sifes ko Tab. Shi ne babban ciwon rubutun da ke yawo a hannun mutane. Ranar da darakta ya ce a ƙara kalma biyu a magana, layin ya karye, sai ka wuni kana gyara da hannu. Danna Ctrl da F10 za ka ga ɗige-ɗige da kibiyoyi sun cika shafin, shaidar an yi aikin da ƙarfi. Abin da ake yi shi ne a gina salon sakin layi. Danna F11, jerin Styles zai fito a gefe. Ka ƙirƙiri sababbi guda 6, ka sa musu sunan Hausa ma idan ka so: Kan Fitowa, Aiki, Suna, Yanayi (ɗan bayanin cikin baka kan yadda za a faɗi magana), Magana, Sauyi (umarnin wucewa daga fitowa zuwa wata).

Fara da Aiki, wato bayanin abin da ido ke gani, sauran su gaji halinsa. A shafin Indents & Spacing, gaba da baya sifili, tazarar sama pt 12, wato tsayin layi ɗaya, ta ƙasa sifili. Tazarar layi kuma kar ka bar ta a Single. Zaɓi Fixed ka rubuta pt 12. Dalili kuwa, Courier New yana da tsawon layi na kansa da ya haura pt 13, sai ka tarar shafinka ya ɗauki layi 47 ko 48 maimakon 54, labarin ya kumbura ba gaira ba dalili. Jeri a hagu kawai, ba a daidaita gefen dama, ba a kuma yanka kalma da karan ɗori.

Magana: Before text inci 1, After text inci 1.5, tazarar sama sifili. Faɗinta ya zama 3.5, haruffa 35. Suna: Before text 2.2, tazarar sama pt 12, kuma a Font Effects ka zaɓi manyan baƙaƙe don ya riƙa juyawa da kansa. Ku lura, ba tsakiya ake sa suna ba, duk sunaye daga wuri ɗaya suke farawa, ko BALA ne ko HAJIYA BABBA. Yanayi: Before text 1.6, After text 2. Sauyi a jingine shi dama. Kan Fitowa a gefen hagu, manyan baƙaƙe, tazarar sama pt 24.

Abubuwa biyu ne ke sa wannan ya zama kamar manhajar kuɗi. Na farko Next style, a shafin farko na kowane salo. Ka ce bayan Kan Fitowa sai Aiki, bayan Suna sai Magana, bayan Yanayi sai Magana, bayan Magana sai Suna. Kana danna Enter tana tsallakawa da kanta, hannunka bai taɓa linzami ba. Na biyu, a Text Flow, ka kunna Keep with next paragraph a kan Kan Fitowa da Suna da Yanayi. Idan ba ka yi ba, za ka ga sunan jarumi shi kaɗai a gindin shafi, maganarsa tana shafi na gaba, mai karatu a lokeshan ya ruɗe. Daga nan ka shiga Tools, Customize, Keyboard, ka nemo salon naka a rukunin Styles, ka ɗaura kowanne a kan maɓalli. Ctrl da 1, 2, 3 suna kan kanun labari tun asali, kana iya karɓe su.

Ga yadda fitowa take zama idan an gama:

CIKI. ZAUREN MALAM - DARE

Fitilar ƙwai tana ci a kan buzu. ƊANLADI, ɗan shekara 30, ya durƙusa a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

ƊANLADI
(cikin raɗa)
Allah gafarta Malam, sun iso.

Kan fitowa abu uku yake faɗa: ciki ko waje, wane wuri, rana ko dare. Idan aikin zai fita ƙasar waje ko za a kai shi gasa, a rubuta INT. da EXT. Idan na gida ne, CIKI da WAJE sun wadatar, sharaɗin dai kar a gauraya. Sunan wuri ma ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ka ce ZAUREN MALAM a fitowa ta 4, ka ce SORON MALAM a ta 20, mai tsara lokeshan zai nemi gida biyu. Sunan mutum da manyan baƙaƙe a cikin Aiki sau ɗaya ne, ranar da ya fara bayyana. Yanayi kuma a taƙaita shi, ba aikin marubuci ba ne ya koya wa jarumi yadda zai ɗaga gira a kowane layi. Wanda ake jin muryarsa ba a ganinsa, a sa O.S. a gefen sunansa cikin baka idan yana wurin, V.O. idan murya ce aka ɗora daga baya.

A ba wa Kan Fitowa matakin Outline na 1. Da ka danna F5, duk fitowar fim ɗin za ta jeru a gefe, ka tsallaka inda kake so, har ka ɗaga fitowa guda ka sauya mata wuri.

AutoCorrect abokin gaba ne ga mai rubuta Hausa. Ka rubuta 'yan ko 'ya'ya, sai ta juya alamar farko ta mai da ita buɗaɗɗen zance. Shiga AutoCorrect Options, Localized Options, ka cire alamar Replace a ƙarƙashin Single Quotes. Jan layin da ke bin kowace kalmar Hausa kuma Shift da F7 ke kashe shi. Idan za ka kwaso rubutu daga WhatsApp, liƙa shi da Ctrl, Alt, Shift da V, don kar ya shigo da nasa harafin.

Lambar shafi tana sama a dama, da ɗigo a bayanta, shafin farko ba ya ɗauka. A LibreOffice kan shafi yana cin wurinsa ne daga cikin filin rubutu, saboda haka ka sa gefen sama 0.5, tsawon Header 0.17, tazararsa 0.33, jimla inci 1. Ka cire alamar Same content on first page. Shafin take ya samu salonsa daban, sannan ka yi Manual Break ka fara ƙirga daga 1. Da an gama, File, Templates, Save as Template. Kashi na gaba na fim mai dogon zango daga nan zai fara.

Wata baiwar Allah a baya ta yi tambaya kan waƙa. Tambaya ce mai muhimmanci, Hajiya. Waƙa layi biyu take ci a takarda amma minti 4 ko 5 a allo, don haka a ba ta kan fitowarta, a rubuta tsawon da ake sa ran za ta yi, a ƙara shi a lissafi daban. Gaisuwa kuma akasin haka take: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, kowace da sunanta da layinta, sai ta cinye rabin shafi alhali daƙiƙa 10 ce a baki. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki shafi 5, mutum biyu su karanta da murya ana duba agogo.

Malam na gefen taga ya ce shi a waya yake rubutu. Akwai tsarin Fountain da ya fito a 2012, rubutu ne zalla mai 'yan ƙa'idoji: suna da manyan baƙaƙe a layinsa, magana a ƙarƙashinsa. Kan fitowar da ya fara da CIKI ko WAJE sai ka sa masa ɗigo a gaba, saboda INT. da EXT. tsarin ya sani. Manhajoji da dama na karanta shi su fitar da shafi a kan ƙa'ida.

Batun lambar fitowa da ɗan'uwa ya tambaya: ba a sa ta a rubutun da ake kai wa furodusa ya karanta. Sai an amince za a ɗauka ake lambatawa, kuma daga ranar lamba ba ta sauyawa. An ƙara fitowa tsakanin 12 da 13, sunanta 12A. An cire 13, lambarta na nan a rubuta an cire. Shi ya sa a wannan matakin da hannu ake rubuta lambobin, domin lamba mai sarrafa kanta za ta sake ƙirga komai, takardar mai kwantiniti, wato mai kula da daidaituwar fitowa da fitowa, ta saɓa da ta edita. Abin da za a tura wa mutane kuma PDF ne, ta File, Export as PDF, saboda yana tafiya da harafinsa a ciki. Fayil ɗin ODT, wato ainihin na LibreOffice da ake gyarawa, ya zauna wurin marubuci, da kwafi a filashi.