Honda: Daga Zoben Fistin Zuwa EOD, Da Dalilin Da Ƙafarta Ke Ficewa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Duk mai bin titunan Kano, Kaduna ko Abuja ya taɓa cin karo da Honda ta durƙusa a bakin kwana, tayar gaba ta kwanta, direba na gefe yana kiran bakanike. Amma kuma in ka leƙa gareji, za ka tarar da Honda mai shekara 25 injinta na kaɗawa sumul, ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Abubuwan nan biyu duk gaskiya ne, kuma kowanne yana da dalili. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

An haifi Soichiro Honda a 1906, a wani ƙauye kusa da garin Hamamatsu na ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne, yana kuma gyaran keke. A 1922, yana ɗan shekara 15, ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji a wani wuri mai suna Art Shokai. Shekara shida ya yi yana koyon aiki, sannan ya dawo gida a 1928 ya buɗe reshen garejin. Da ya ga gyara kaɗai bai ishe shi ba, sai ya faɗa ƙera zoben fistin, wanda makanikai ke ce wa ringi, da niyyar sayar wa Toyota. Cikin guda 50 da aka gwada, uku kacal suka tsallake. Mutumin da ya riga ya zama maigida sai ga shi a aji yana koyon ilimin narka ƙarfe, har ya gano inda ya kuskure.

Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa ta 1945 suka rusa masana'antarsa, ya sayar wa Toyota abin da ya rage. A 1946 ya samo ƙananan injinan janareto da sojoji ke kunna rediyon sadarwa da su, ya riƙa ɗaura su a jikin keke. Daga nan aka kafa kamfanin Honda ranar 24 ga Satumba, 1948. Shekara guda bayan haka Takeo Fujisawa ya shigo ya riƙe harkar kuɗi da kasuwa, shi kuwa Soichiro ya tare a ɗakin inji. Babur ɗinsu Super Cub ya fito a 1958, zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100.

Mota sai a 1963 suka fara, da ƙaramar a-kori-kura T360 da motar tsere S500. Tun farko kamfanin na masu inji ne, jikin mota daga baya ya biyo. Wannan halin har yau yana nan.

Akwai wata rigima da ta faru a cikin kamfanin a 1969 da ya kamata mai Honda ya sani. Soichiro ya kafe a kan cewa iska ce za ta riƙa sanyaya inji, kamar na babur. Matasan injiniyoyinsa suka ce ba zai yiwu a tsaftace hayaƙi ba sai an iya riƙe zafin inji a wuri guda, wannan kuwa sai da ruwa. Fujisawa ya shiga tsakani, tsohon ya sauko. Sakamakon shi ne Civic ta 1972, da injin CVCC, mai ɗan ƙaramin ɗaki kusa da fulogi inda haɗin iska da fetur mai yawa ke fara kamawa, sannan wutar ta bazu ta cinye haɗin mai ƙarancin fetur da ke babban ɗakin. Da wannan dabarar Honda ta cika sharaɗin dokar tsaftar iska ta Amurka ba tare da na'urar tace hayaƙi a salansa ba, a lokacin da manyan kamfanonin Amurka ke cewa abin ya gagara. Ana cikin haka rikicin man fetur na 1973 ya ɓarke, jama'a suka koma neman mota mai tsimin mai.

Accord ta fito a 1976. A 1982 Honda ta zama kamfanin Japan na farko da ya fara ƙera mota a Amurka, a garin Marysville na jihar Ohayo, kuma daga 1989 zuwa 1991 babu motar da ta kai Accord ciniki a ƙasar. Shi ya sa yawancin Accord ɗin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano 'yan Amurka ne, mitarsu mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Honda tana da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979 tana haɗa babura, ta kuma fara haɗa Accord a can a 2015, amma kasuwar ta Beljiyam ce.

Sunayen kuwa mu muka raɗa. Ta 1990 zuwa 1993 Hala, ta 1994 zuwa 1997 Bulldog, ta 1998 zuwa 2002 Henesi ko Baby Boy, ta 2003 zuwa 2005 End of Discussion wato EOD, ta 2006 da 2007 Discussion Continues wato DC, ta 2008 zuwa 2012 Anaconda, wasu su ce Evil Spirit.

To, mu zo kan ƙafa, don a nan gizo ke saƙar.

Duk waɗannan da muka lissafa ƙafar gabansu hannu biyu gare ta, na sama da na ƙasa.  Shokazoba tana sauka ne a kan hannun ƙasa, saboda haka nauyin motar yana danna hannun zuwa ƙasa. Shi kuma hannun yana rataye a jikin ƙarfen da ke riƙe da taya, ta hanyar abu guda: boljoyin na ƙasa, wani ƙwallon ƙarfe da ke juyawa a cikin gurbinsa. Wato kamar guga a bakin igiya, kullum ana jan ƙwallon ne daga gurbinsa, ko motar na tafiya ko tana ajiye. A Corolla da Camry ba haka abin yake ba. Shokazoba tana ɗaure kai tsaye a ƙarfen taya, boljoyin ba ya ɗaukar nauyi, riƙe saiti kawai yake yi, shi ya sa zai daɗe yana ƙara kafin ya yi ɓarna. Honda ta zaɓi nata tsarin ne domin taya ta zauna daram a kwana, kuma duk wanda ya tuƙa EOD a babban titi ya san daɗin da ake magana. Kuskure ne a ce aikin banza suka yi. Sai dai an yi shi don titi mai santsi, mu kuma ga ramuka, ga gargada, ga ƙura, ga ruwan damina. Daga 2013 Accord ta bar wannan tsarin.

Lalacewar daga robar da ta rufe ƙwallon take farawa. Ta tsage, giris ya fita, yashi da ruwa su shiga, ƙwallon ya ci gurbinsa har bakin ya buɗe. Alamomin su ne ƙara ƙiiii idan ana murza sitiyari a tsaye, sitiyari ya yi tauri ko ya ƙi dawowa da kansa bayan kwana, da ƙwanƙwasa a kan gargada. Galibi yana ficewa ne a tafiyar sannu, lokacin karya kwana ko hawa tudun rage gudu, amma ba a dogara da wannan.

Wurin dubawa ana yawan kuskure. In aka ɗaga motar ta jikinta, sifirin zai ci gaba da danne hannun, ka girgiza taya ka ji ta tsam, alhali boljoyin ya gama. A sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya, a ɗaga har ta bar ƙasa, sannan a zura ƙarfe a ƙarƙashin tayar a riƙa ɗagawa, wani na kallon boljoyin. Motsi ko kaɗan ne, a canza. A canza hagu da dama tare. A matsa sabon da na'urar dannawa, kada a buga shi da guduma, domin duka yana raunata shi tun kafin ya fara aiki. A ɗaure noti a sa masa fil, ba guntun ƙusa ba. A sayi na Honda ko 555 na Japan, a kuma yi hattara, jabunsa ya cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa har Panteka, kwali iri ɗaya. Bayan aikin a je a yi saitin ƙafa. Shawararmu a duba shi duk lokacin juye.

Na biyu giya. Atomatik ɗin Honda na waɗannan shekarun ba irin na sauran motoci ba ne. Cikinsa ya fi kama da giyar hannu, kowace giya da nata kulocin da mai ke matsawa, don haka santsin man shi ke yanke yadda giya za ta shiga. Man da aka yi mata shi ne ATF-Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Jan man da ake aunawa a kwalba a bakin titi zai sa ta fara fizga, daga nan kuloci ya ƙone. Kada a wanke giyar da injin turawa. A kwance notin ƙasa, mai ramin murabba'i, kusan lita 3 za ta fito. A goge garin ƙarfen da ya manne a maganaɗisun notin, a sa sabon wasa, a mayar da daidai abin da ya fita. In man ya yi baƙi, a maimaita sau uku, ana ɗan zagayawa da motar a tsakani. Awonsa ma daban ne: inji ya yi zafi, a kashe shi, a zaro sandar awo cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. A yanayinmu, canza shi duk kilomita 40,000 ya fi kwanciyar hankali.

Ba duka laifin masu mota ba ne. Giyar Henesi tana da rauni tun daga kamfani, har Honda ta tsawaita garantin ta 2000 da 2001 a Amurka. A 2004 kuma ta kira EOD mai silinda shida ta 2003 da 2004, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai tana zafi. Mai neman EOD don zirga-zirgar yau da kullum, mai silinda huɗu ta fi masa.

Injin mai silinda huɗun, K24, lita 2.4, ƙarfin doki 160, yana cikin mafi ƙarko da Honda ta taɓa yi. Baƙin mai lita 4.2 yake ci har da filta, kuma a kan murfinsa an rubuta 5W-20. Injin yana da VTEC, dabarar da Honda ta fito da ita a 1989, wadda ke amfani da matsin mai wajen sauya yadda bawul ke buɗewa. Man yana bi ta wata 'yar rariya da ba ta fi farce ba. Mai kauri irin 20W-50, ko jabu, ko jinkirin juye, sai rariyar ta toshe. Motar ta riƙa tirjewa in allurar juyin inji ta kai wajen 3,000, fitilar inji ta kama, kwamfuta ta nuna lambar matsala P2646. An sha sauke inji lafiyayye a kan wannan, alhali awon mai za a fara dubawa, a wanke rariya, a gwada sensar matsin mai da ke jikinta. Bawul ɗinsa kuma da hannu ake saita su, inji na sanyi: na shiga milimita 0.21 zuwa 0.25, na fita 0.28 zuwa 0.32.

K24 sarƙa gare shi. Hala, Bulldog, Henesi da duk masu silinda shida bel ne. A Henesi da masu silinda shida, littafin ya ce a canza a mil 105,000 ko shekara 7, amma inda zafi ke wuce digiri 43 ya rage zuwa mil 60,000, kusan kilomita 100,000. Mutanen Sakkwato da Maiduguri da Yamai sun san layin da suke. In bel ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul. A haɗa da famfon ruwa da abin ɗame bel a aiki ɗaya.

Sai al'adar da ta fi ba mu takaici: mota na sauka daga jirgi, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Ku tuna rigimar 1969. Riƙe zafi a wuri guda shi ne ginshiƙin injin nan. Tamostat ɗin EOD yana fara buɗewa a wajen digiri 78. In babu shi, kwamfuta za ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara fetur, shan mai ya hau, fetur ɗin ya wanke man da ke bangon silinda, ringi ya ci. Mota in tana zafi, a nemi dalilin: lagireto ya toshe da ruwan rijiya, ko murfinsa mai lamba 1.1 ya saki, ko fanka ta mutu, ko akwai yoyo. A zuba ruwan sanyaya inji na Honda mai launin shuɗi.

Famfon sitiyari ma nasa man daban, ba a zuba masa man giya. In yana kuka da safe kuma mai na kumfa, yawanci 'yar robar zobe ce a bakin tiyon shiga take shan iska. Anaconda mai silinda huɗu takan yi ƙarar karr na daƙiƙa biyu a tashin farko, daga giyar VTC da ke kan kamshaf. Mai silinda shida kuma, wadda ke kashe wasu silindoji don tsimi, ta yi suna da shan baƙin mai da ɓata fulogi.

In za ka sayi ɗaya, ka je da safe, ka taɓa inji ka tabbatar ba a ɗumama shi ba kafin ka iso. Ka saurari tashin farko. Ka zaro sandar man giya ka goga a farar takarda, ka shinshina: in yana warin ƙuna, ka haƙura da ita. Ka tuƙa ta har ta yi zafi, ka lura da shigar giya ta biyu da ta uku. A ɗaga ƙafa yadda muka bayyana. Sannan ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba, ka shigar a shafin hukumar NHTSA ta Amurka. Accord da yawa na waɗannan shekarun suna cikin motocin da aka kira saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba. Shafin zai nuna maka ko an canza ta kafin motar ta baro can. In ya nuna ba a canza ba, wannan aikin ya riga fenti da sabbin tayoyi.