Rigar da ake ƙara wa faɗi tana jikin mai ita

Laccar da aka gabatar ga Hausawa mazauna Jidda, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke sahun gaba, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Na san akwai teloli a zauren nan. To Alhaji, a ce an kawo maka mutum, a ƙara wa rigarsa faɗi tana jikinsa, kuma in ka bar kafa ko ta ƙofar allura ce, ya mutu. Aikin da ƙwayar bakteriya ke yi ke nan kullum.

Rigarta raga ce guda ɗaya, ana kiranta feftidogilaikan: dogayen zaruruwan sukari, an ɗaure su a gicciye da gajerun igiyoyin amino asid. Ruwan cikinta yana turo ragar ba hutu, a wasu ƙwayoyin matsin ya fi na iskar tayar mota. Raga kuwa a rufe take. In za ta girma, dole a farke.

Saboda haka ma'aikata biyu ne, duka enzayim, wato furotin masu gudanar da ayyuka a jikin ƙwayar. Otolaisin su ne almakashi, suna yanke tsohon ɗauri. PBP su ne allura, suna jona sabon zare su ɗaure shi da na kusa. Nan ne abin yake ratsa ni, wallahi: almakashi ba ya wuce allura. Ga shi bakteriyar hanji E. coli, in ta samu abinci da ɗumi, cikin minti 20 ta zama biyu.

Lokacin rabuwa, furotin FtsZ yana yin zobe a tsakiyar ƙwayar, kamar ɗamara. Masana biyu, Bi da Lutkenhaus, suka nuna shi a Amurka a 1991. Zoben ke tara masu ɗinki su gina shamaki, sai enzayim amidas su tsaga shamakin gida biyu. Da masana suka cire amidas daga E. coli, 'ya'yan sun kasa sakin juna, suka jeru kamar carbi.

To ina fenisilin, maganin kashe bakteriya, wanda masani Fleming ya gano a Landan a 1928? A 1965 masana Tipper da Strominger suka bayyana cewa siffarsa ta yi kama da bakin igiyar da PBP ke kamawa. Allura ta cafke shi, ta maƙale. Almakashi bai ji labari ba, ya ci gaba da yanka, sai ƙwayar ta fashe.

Hajiya ta tambaye ni ɗazu kan tarin bayan aikin Hajji. Yawancinsa bairus ne ke kawo shi, Hajiya, shi kuwa bairus ba shi da wannan riga, fenisilin ba shi da inda zai kama.