Kurakuran Ƙididdiga a Binciken Likitanci da Kundayen Digiri

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa likitoci, da ɗalibanmu masu shirin kare kundinsu, sannunku da zuwa.

A 1994 Douglas Altman, masanin ƙididdiga a Ingila, ya yi wata tambaya a mujallar likitanci ta BMJ. Ya ce likitan da ya ba mara lafiya maganin da bai dace ba, kowa zai ce ya yi ba daidai ba. To mai binciken da ya ɗauki hanyar lissafin da ba ta dace ba, ya fassara sakamakon a karkace, aka buga aikinsa, shi fa? Ni a ganina nasa ya fi muni, domin wancan mutum ɗaya ya cutar, wannan kuwa likitoci da yawa za su karanta su yi aiki da shi.

Mu fara da ƙimar p, tunda a kanta ake yawan faɗuwa. Ɗalibi zai ga p ta yi ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba amfani da ita, sai ya rubuta cewa ya tabbatar magani na aiki. Ba haka take nufi ba. Abin da take cewa shi ne: da a ce babu wani bambanci na gaskiya, sau nawa za a ga irin wannan sakamako ko wanda ya fi shi? Ba ta faɗi girman amfanin maganin ba. In mutane dubbai aka gwada, saukar hawan jini da bai kai ya canza komai ga mara lafiya ba zai iya ba da p ƙarama ƙwarai. Saboda yawan wannan ruɗani ne ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a kai a 2016.

Ku saurari wannan da kyau. Idan ka yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan alƙaluman da babu komai a cikinsu, yiwuwar aƙalla ɗaya ya ba ka p ƙasa da 0.05 ta kai kashi 64 cikin 100. Ko makaho in ya yi ta jifa, wata rana zai sami tsuntsu. Yanzu ku tuna kundayen da ke cike da teburi, an haɗa cuta da shekaru, da jinsi, da sana'a, da aure, da matakin ilimi, sannan aka ɗauko guda ɗaya da ya "fito" aka gina babin tattaunawa a kansa.

Masu wani babban bincike mai suna ISIS-2 sun nuna wannan a 1988 a mujallar Lancet. Sun gwada asfirin a kan mutane sama da 17,000 da ake zaton sun sami bugun zuciya, kuma ya rage mace-mace da sama da kashi ɗaya cikin biyar. Sai suka raba marasa lafiyar bisa burujin haihuwarsu, da gangan. Waɗanda aka haifa a burujin Jauza'u da Mizani, alƙaluma suka nuna asfirin bai amfane su ba. Ba wanda zai hana mutum asfirin saboda taurari. Amma da a ce rukunin "mata" ne ko "masu ciwon suga", na rantse da an sami wanda zai ƙirƙiro masa bayani na kimiyya.

Akwai kuskuren da ke kishiyar wannan, kuma shi ya fi yawa a kundaye. An gwada magani biyu a kan mutane kaɗan, p ta haura 0.05, sai a rubuta "babu bambanci". A'a. Ba ka ga bambanci ba ne, wataƙila don mutanen sun yi kaɗan. Shi ya sa nake roƙonku ku riƙa kawo tazarar da ake kyautata zaton gaskiyar tana ciki, ta kashi 95 ɗin nan. In tazarar ta taso daga "yana cutarwa" har zuwa "yana warkarwa sosai", bincikenka bai yanke hukunci ba tukuna.

Sauran zan bi su da sauri. Ƙirga idanu biyu na mutum ɗaya a matsayin mutum biyu. Auna mutum kafin magani da bayansa, sannan a yi lissafi kamar rukuni biyu ne da ba su da alaƙa. Kawo matsakaicin kwanakin jinya alhali mutum biyu da suka daɗe a gado sun ja shi sama. Jefar da waɗanda suka daina zuwa asibiti ba tare da an faɗa ba, alhali wataƙila maganin ne ya kore su.

Sai ɗaukar alaƙa a matsayin sanadi. Shekaru ana ganin matan da ke shan maganin hormon bayan ɗaukewar al'ada ba su cika samun ciwon zuciya ba. Da aka yi wani babban gwaji mai suna WHI a Amurka, inda ƙuri'a ce ke zaɓar mai shan magani, aka dakatar da wani ɓangarensa a 2002, domin ciwon zuciya da shanyewar jiki da sankarar mama ƙaruwa suka yi. Ashe abin da aka gani a baya ba aikin maganin ba ne: matan da ke shan sa tun asali sun fi sauran lafiya da wadata.

Malamaina masu duba kundi, ku yi mini afuwa, laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. In muna yamutsa fuska ga kundin da bai sami p ƙarama ba, mu muka tura shi ya yi ta danna manhajar ƙididdiga ta SPSS har ya samu. Kuma sai an gama tattara bayanai ake neman masanin ƙididdiga. Ronald Fisher, shahararren masanin ƙididdiga, ya faɗa tun 1938 cewa wannan kamar kiran sa ne ya binciki gawa: iyakarsa ya gaya maka abin da ya kashe binciken.

Ina ba da shawara kada a amince da tsarin bincike sai an ga lissafin yawan mutanen da za a ɗauka, da babbar tambaya guda ɗaya a rubuce, da gwajin da za a yi mata. Mai gwajin magani ya bi ƙa'idojin rubuta rahoton bincike na CONSORT, mai binciken lura ya bi na STROBE, tun daga tsarin ba sai lokacin rubutu ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata don tambayoyi.