Kuɗin motar zuwa bakin teku bai cika ba

Rahoton wata zai ɗan jira, domin akwai maganar da ta hana ni barci. Masu mota sun ba mu zuwa Juma'a mu ajiye kafin alƙalami, amma har yau fiye da rabinmu ba su biya ba. Sau uku ina tuni a WhatsApp, shiru kake ji.

Kun san abin da ya sa muka shirya tafiyar nan. Akwai dattijo a cikinmu, ba sai na kama suna ba, tun rasuwar mai ɗakinsa daga masallaci sai asibiti. Ranar da na je gaishe shi ya ce mini yana marmarin ya ɗaga ido ya ga fili, ba bango a gabansa. Wallahi da ƙwalla na fito. Da a gida ne, Baba irinsa zai wuni shi kaɗai a ɗaki?

Na je Robin Hood's Bay, inda za mu, da ƙafata, ƙauyen masunta ne tsakanin garuruwan Whitby da Scarborough a Ingila. Titin da ke sauka zuwa ruwa gangare ne sosai, mota a sama za ta tsaya. Iyayenmu masu ciwon gwiwa kada ku damu, akwai tsohon layin dogo da aka rufe a 1965, an mayar da shi hanyar ƙafa, za ku taka a hankali kuna hango teku. Samarinmu kuwa ga hanyar Cleveland Way ta bisa tudu, kusan mil 6 har Whitby. In ruwa ya janye, yara za su shiga cikin duwatsu su ga kaguwa, har da dodon koɗin da ya zama dutse. Amma iyaye mata, ku riƙe hannunsu. Ruwan yana dawowa da sauri, yana rutsawa da mutane ta wajen Boggle Hole, wani ɗan lungun gaɓa kudu da ƙauyen. Za mu duba lokacinsa kafin kowa ya sauka.

Akwai allo a ƙauyen da ya tsayar da ni. A watan Janairun 1881 wani jirgin ruwa ya lalace a gaɓar. Mutanen yankin suka janyo jirgin ceto tun daga Whitby ta ƙasa, da dawakai, cikin dusar ƙanƙara, suka tsamo mutanen da ba su taɓa sani ba. Mu da muka haɗa kuɗi muka kai gawar ɗan uwanmu gida cikin kwanaki kaɗan, yau kuɗin mota ne zai gagare mu? Haba jama'a!

Sauran a taƙaice: an biya hayar zaure, ajin Hausa na yara yana nan ranar Asabar, zaɓe sai bayan salla.

Ma'aji na zaune a bakin ƙofa da littafi. Wanda ba shi da hali ya same ni a gefe, babu mai ji. Wanda Allah ya hore wa ya biya na mutum biyu. Na riga na gaya wa Baba ya tanadi rigar sanyinsa, kujerar gaba tasa ce. Don Allah kada ku sa in koma masa da wata magana.