Salam ciniki ne: dawarka ka sayar tun ba ta tsiro ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, na Gadarif da na Mai Wurno da na Madani a nan Sudan duk ina gaisuwa. Tun jiya ake ta turo min wata murya a WhatsApp, wai banki ya fara rabon tallafi kowa ya je ya kwashi rabonsa. To dan Allah baba, dan Allah yaya, kafin a dangwala hannu a takarda a ɗan saurare ni.

Nan da kuke gani Gadarif ne, ƙasar dawa da riɗi, tun shekarun 1940 ake noman damina da tarakta a nan. Wancan kuma ruwan Jazira ne daga dam ɗin Sinnar da aka gama a 1925, hawasha, wato gonar noman ban ruwa, na bin hawasha. Bankin Noma shi ke ba da tamwil, wato jarin noma, wani lokaci kuɗi, wani lokaci man tarakta da taki da iri. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda ake zurmawa shi ne kalmar nan salam, don abin da muryar ke kira tallafi salam ne. Salam ciniki ne. In maimaita? Ciniki. Kuɗin da aka miƙo maka farkon damina kuɗin dawarka ne, ka riga ka sayar da ita a kan farashin da aka yanka ranar, kuma abin da za ka mayar da kaka buhu ne ba jineh ba, wato ba kuɗin Sudan ba. Halak ne, malamai ba su hana ba in dai an san awo an san lokaci, amma fa ba sadaka ba ce.

Ku kalli allon nan. A ce an yanka buhu jineh 10, na san ko shayi ba zai saya ba, don lissafi ya zo da sauƙi ne. Ka karɓi 1,000, ke nan buhu 100 ne a wuyanka. Kaka ta yi, jineh ya faɗi kamar yadda ya saba, buhu ya kai 25 a kasuwa, kai kana murna za ka sai da buhu 40 ka biya ka huta, ina! buhu 100 ɗin nan cif za ka loda a mota ka kai. Akwai wani sharaɗi da ake kira izalatul gabni, ya'ani idan tazarar farashin ta yi muni a rage wa wanda ya kwaru zafi, kuma ni a ganina shi ne layin da ya fi komai a takardar, amma mutum nawa ne ke cewa a karanta masa shi?

To idan ruwa ya ɗauke fa, ko tsuntsu ya sauka? Buhunan na nan suna jiranka, ko a kasuwa ne sai ka sayo da tsada ka cike. Ga kuma cak ɗin banki da ka ajiye na jingina, in ya dawo ba kuɗi maganar ta koma kotu, kuma kun san kalmar, yabka lihinis sadad, wato mutum yana gidan yari sai ya biya.

Si'irut tarkiz kuma wani abu ne daban, farashin da gwamnati ke sanarwa cewa za ta sayi amfani da shi. A 2022 an sanar da jineh 43,000 kowane buhun alkama, manoman Jazira suka girbe, aka ce babu kuɗin saye, buhuna suka yi ta zama a ɗakuna har rufi.

Shail na 'yan kasuwa kuwa, bashin kaka irin wanda kakanninmu suka sani, wannan sai bidiyo na gaba, batir ɗina ya kusa mutuwa kuma ba wuta.